Daga Hatimin Alkashinawi zuwa Kundin Ɗalibi: Tarihin Nazarin Sammai da Zarra a Ƙasar Katsina

1. Gabatarwa

A kudancin ƙasar Katsina, watau yankin nan na Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ƙanƙara, wanda ya yi suna wajen noman auduga da masara da dawa, duban sama ba baƙon abu ba ne. Tun kafin a san ma'aikatar hasashen yanayi, manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki, ya kuma san Zara matar wata. In yana son ƙarin bayani sai ya nufi wurin malami, wanda yake riƙe da lissafin taurari 28 da ake kira manazil, kowanne da kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. Da wannan lissafi ne ake sanin shigar taurarin damina, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, har a iya ce wa mutum shukarsa ta makara.

Manufar wannan lacca ita ce ta bi diddigin yadda nazarin sammai ya taso a ƙasar Katsina, da yadda ya yi rauni, da yadda ya komo da sabuwar kama ta hanyar jami'o'i. Sa'an nan za ta duba matsayin ɗalibin digiri na farko a fannoni biyu na ilmin fiziks waɗanda ake gani kamar sun fi ƙarfinsa. Na farko shi ne nazarin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zarra. Na biyu kuwa shi ne nazarin asalin sararin samaniya, da faɗinsa, da shekarunsa.

2. Alkashinawi da zamaninsa

A ƙarni na 17 da na 18 birnin Katsina yana cikin manyan cibiyoyin ilmi na ƙasashen Sudan. A nan aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu cikin 1667. Daga kudu maso yamma kuma akwai 'Yandoto, kusa da Tsafe, garin malamai wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin Katsina. Karatun da ake yi a waɗannan wurare bai tsaya ga fiƙihu da nahawu da tafsiri kaɗai ba, ya haɗa da hisabi da falaki, domin ba a raba gado sai da lissafi, ba a kuma tsai da alƙibla da lokutan salla sai da sanin tafiyar rana da taurari.

A cikin wannan yanayi ne aka yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Daga cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. Cikin 1732 ya rubuta littafinsa mai suna Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da aufaƙ, watau abin da Hausawa suka sani da hatimi. Ya kuma rubuta wani mai suna Addurrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin falaki ne, kuma ya ɗauki ilmin aufaƙ daga gare shi. Ɗan wannan shaihi, Abdurrahman Aljabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, shi ne ya adana labarinsa.

Ya kamata a fahimci abin da ke cikin hatimi ta fuskar lissafi. Ana zana gidaje, alal misali uku a tsaye uku a kwance, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda ko ta ina aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlar za ta zama 15. In gidajen biyar-biyar ne, jimlar 65 ce. Wanda ya haddace hatimi ɗaya bai yi wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da Alkashinawi ya yi shi ne bayyana hanyoyin da za a bi a gina kowane hatimi mai gidaje mara, komai girmansa. Neman ƙa'ida ɗaya wadda za ta ɗauke misalai marasa iyaka, wannan shi ne zuciyar aikin mai nazarin lissafi, kuma shi ne zuciyar aikin mai nazarin ƙa'idojin fiziks.

Amma fa akwai abin lura. A zamaninsa lissafin hatimi a cakuɗe yake da sha'anin asiri, shi kansa kuma ya gargaɗi almajirai da su riƙe abin a ɓoye, kada su baza shi ga kowa. Ilmin da ake ɓoyewa kuwa ba ya samun masu gyara masa kuskure, ba ya kuma samun masu ɗora wani abu a kansa. Daɗin daɗawa, mutumin bai komo gida ba, littattafansa kuma a Masar ya bar su. Sai cikin 1967 ne Hassan Gwarzo ya buga nazari a kansa a Ibadan, ya jawo hankalin masana na zamani gare shi.

Duk da haka fitilar ba ta mutu nan da nan ba. Da Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato cikin 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan aune-aunensa, sai ya tarar Bello ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo cikin 1826 ya kawo masa littafin Iƙlidis na ilmin handasa da Larabci, Bello ya shaida masa cewa dā ma gidansu yana da irinsa, wanda aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Haka kuma Abdulƙadir Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu cikin 1864, ya zurfafa a hisabi da falaki da falsafa. Malaman jihadi sun yi suka mai tsanani a kan duba da bokanci, amma ba su hana lissafin tafiyar taurari ba.

3. Abin da ya auku a waje

A daidai lokacin da Turawa suke cin ƙasar Hausa, ilmin fiziks yana cikin babban juyi a Turai. Cikin 1897, shekara shida kafin Turawan Ingila su shiga Katsina, J. J. Thomson ya gano elektron a Kambirij. Cikin 1911, shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano, Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarta. Cikin 1915 Albert Einstein ya fito da ƙa'idarsa wadda ta ce nauyin abu yana lanƙwasa sarari, har ma haske ya kauce daga hanyarsa in ya gifta kusa da rana.

Gwajin wannan magana kuwa a maƙwabtan Nijeriya aka yi shi. Ran 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, Arthur Eddington ya kafa madubin hangen nesa a tsibirin Firinsife, kudu da gaɓar tekun Nijeriya, wasu abokan aikinsa kuma suka tafi Sobral ta ƙasar Barazil. Hotunan da aka ɗauka sun nuna taurarin da ke kusa da rana sun gusa daga wurarensu gwargwadon abin da Einstein ya lissafa. Cikin 1927 Georges Lemaître ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, cikin 1929 kuma, shekarar da jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda, Edwin Hubble ya buga aune-aunen da suka nuna cewa gungun taurari, iya nisansa iya saurin gudunsa.

Wannan labari kuwa bai iso ajin ɗalibin Arewa da wuri ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, an kafa ta ne don horar da malaman makaranta, kuma abin da mulkin mallaka yake bukata daga yanki irin na Malumfashi shi ne auduga da haraji da malaman ofis. Ta haka aka wayi gari tsohon ilmin ya koma zaure ya takure, sabon kuwa bai zo ba tukuna.

4. Zuwan jami'o'i

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ran 4 ga Oktoba 1962. Abin sha'awa shi ne, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin Niyuzilan, masanin fiziks ne wanda ya yi karatu a Kambirij, ya kuma riƙe kujerar farfesan fiziks a Ibadan. Matarsa Elizabeth, wadda ta rasu a Ibadan cikin 1958, tana cikin mutanen farko da suka gane, cikin 1945, cewa rana tana fitar da igiyar rediyo. Shugaba na uku, Farfesa Iya Abubakar, wanda ya riƙe jami'ar daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne wanda ya sami digirin dakta a Kambirij.

A wannan zamani ne wani matashi ɗan Nijeriya ya sa hannu a babban bincike na sammai. Samuel Okoye ya gama digirin farko a Ibadan cikin 1962, ya tafi Kambirij wurin Antony Hewish. Su biyu suka gano wani ɗan ƙaramin wuri mai fitar da igiyar rediyo da ƙarfin gaske a cikin Gajimaren Ƙaguwa, suka buga sakamakon cikin 1965. Wannan gajimare ragowar wani tauraro ne da aka ga fashewarsa cikin 1054, abin da masanan Sin suka rubuta, haka ma likitan nan na Bagadaza, Ibn Butlan. Cikin 1968 aka tabbatar cewa a tsakiyarsa akwai wani dunƙulallen tauraro mai juyawa wajen sau 30 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne abin da Okoye ya ci karo da shi. Da aka ba Hewish lambar Nobel cikin 1974 ya ambaci aikin Okoye a jawabinsa. Gajimaren nan kuwa yana cikin buruji ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta, wadda manomin Malumfashi yake dubawa.

A Arewa, bukatun gaggawa su ne suka sha gaba, watau aikin gona a Samaru, sha'anin mulki a Kongo, aikin likita da injiniya. Ba laifi ba ne, domin ƙasa tana bukatar ma'aikata. Malumfashi kanta ta zama filin bincike: daga 1969 Murray Last ya zauna cikin Maguzawan yankin yana nazarin al'adunsu na magani, a shekarun 1970 kuma likitocin Zariya da na Libaful suka gudanar da babban bincike a kan cututtukan da suka zaunu a yankin. Amfanin waɗannan ayyuka ba ya misaltuwa, sai dai a cikinsu mutanen yankin su ne waɗanda ake nazari a kansu.

An yi ƙoƙarin gyara tushe. Cikin 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, wasu jihohi suka bi sawu. Cikin 1988 aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Amma daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatu suka kasa sayen mujallun bincike na waje, malamai da yawa kuma suka bar ƙasar. Fannin nazarin ƙa'idoji ya ji jiki ƙwarai, domin shi kayan aikinsa su ne mujalla da abokin shawara. Sai daga baya abubuwa suka fara motsi: cikin 2004 tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30 ta fara aiki a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, cikin 2006 aka kafa jami'ar Jihar Katsina, wadda daga baya aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, cikin 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.

5. Ko ɗalibin digiri na farko zai iya?

Sau da yawa akan ce bincike irin wannan sai mai furfura. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Subrahmanyan Chandrasekhar yana ɗalibi a Madras ta Indiya ya buga maƙala a mujallar Royal Society ta Ingila cikin 1929. Cikin 1930, yana ɗan shekara 19, a cikin jirgin ruwa kan hanyar Ingila, ya fara lissafin da ya nuna cewa tauraron da wutarsa ta ƙare, in ragowarsa ta wuce wani haddi na nauyi, wanda aka tsayar a kan wajen ninki 1.4 na nauyin rana, to ba za ta iya riƙe kanta ba, sai ta rufta.

Misalin da ya fi kusa da halin yaron Malumfashi shi ne na Abdus Salam. Ya tashi a Jhang, garin manoma a ƙasar Punjab. Cikin 1943, yana ɗalibi ɗan shekara 17 a Lahore, ya buga maƙalarsa ta farko a kan wata matsala ta lissafi. Bayan karatu a Kambirij ya koma gida cikin 1951, amma kaɗaici ya kore shi cikin 1954, domin ba mujallu, ba wanda zai tattauna da shi. Don kada wasu su faɗa cikin irin wannan hali ne ya kafa cibiyar nazarin ƙa'idojin fiziks a Trieste ta Italiya cikin 1964, inda masana daga ƙasashe masu tasowa za su riƙa zuwa suna komawa gida. Cikin 1979 aka ba shi lambar Nobel tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, saboda sun nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da raunanan ƙarfin nan na cikin cibiyar zarra tushensu ɗaya ne. Cikin 1983 injin cibiyar CERN da ke Janeba ya fito da ƙwayoyin W da Z waɗanda lissafinsu ya ce akwai. Ita kuwa ƙwayar Higgs, an lissafa ta a takarda cikin 1964, ba a gan ta ba sai 2012, bayan shekara 48, a cikin injin da kewayensa ya kai kilomita 27. Alƙalami ne ya riga inji.

Katangar da ta kori Salam daga Lahore ta rushe ƙwarai. Tun daga 1991 masana fiziks suke ajiye maƙalunsu a rumbun arXiv, kowa ya karanta kyauta ta intanet. Tun daga 2014 kuma CERN take sakin bayanan gwaje-gwajenta ga jama'a. Saboda haka ɗalibin shekarar ƙarshe mai ƙaramar kwamfuta zai iya ɗaukar waɗannan bayanai ya auna nauyin ƙwayar Z da kansa, ya ga ya kusa ninka nauyin furoton sau 100. Zai iya ɗaukar nisa da gudun gungu-gungun taurari ya zana su, ya fitar da ƙiyasin shekarun sararin samaniya, ya gwada da biliyan 13.8 da masana suka tsayar. Ba a ce zai ƙirƙiro sabuwar ƙa'ida ba. Abin da zai samu shi ne ɗabi'ar bin hujja daki-daki, da gane inda kuskure yake ɓuya. Filin kuma bai cika ba, domin irin abin da aka yi mutum da ƙasa da taurari da shi bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin sararin samaniya ba. Saura, watau wajen kashi 27 na duhun abu da kashi 68 na duhun makamashi, an ga tasirinsu, amma masana suna kan neman haƙiƙarsu.

6. Abubuwan da ke tare hanya

Cikas na farko yana sakandare. Yaron da bai sami malamin lissafi na ƙwarai ba, ya riga ya rasa wannan fanni tun bai ji sunansa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don cike irin wannan giɓi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Funtuwa. Na biyu shi ne rashin zaman lafiya. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, suka kwashe yara fiye da 300. An sako su bayan kwana shida, amma an rufe makarantun kwana na wani lokaci, zukatan iyaye kuma suka karaya. Na uku shi ne yankewar karatu, kamar yajin aikin malaman jami'a na wata takwas cikin 2022. Na huɗu kuwa laifin cikin gida ne, watau kwafe kundin digiri daga na baya, ko sayensa a shago. Ɗalibin da ya yi haka ya zubar da dama ɗaya tak da jami'a ta ba shi ta tambayar abin da ba ya cikin littafin aji.

Akwai kuma tambayar da ma'aikacin gwamnati yake da haƙƙin yi: mene ne amfanin wannan ga talaka? Amsa tana cikin aljihunsa. Agogunan taurarin ɗan'adam masu nuna wa wayar hannu hanya suna wuce na ƙasa da wajen kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, in ba a gyara da lissafin Einstein ba, kuskuren zai kai kilomitoci cikin yini guda. Tsarin shafukan intanet a CERN aka ƙirƙiro shi cikin 1989. Wanda kuma ya iya warware lissafin buɗewar sararin samaniya, lissafin ruwan sama da na yaɗuwar annoba da na kasafin kuɗi ba za su gagare shi ba.

7. Kammalawa

Ran 29 ga Maris 2006 inuwar wata ta ratsa ta Gusau da Katsina, rana ta rufe ɗungum da hantsi. Masana sun faɗi ranar da sa'ar da hanyar da inuwar za ta bi shekaru masu yawa kafin abin ya auku, da lissafi irin wanda ake koyarwa a ajin jami'a.

Darasin wannan tarihi a fili yake. Ƙasar Katsina ba ta taɓa rasa masu kaifin ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya yi ta yankewa shi ne silsila, watau malami ya ba almajiri, almajiri ya ɗora ya ba na bayansa. Ɓoyo ya raunana ta a zamanin Alkashinawi, mulkin mallaka ya kau da kai daga gare ta, matsin tattalin arziki ya sake tsinka ta. Abin da ake bukata a wurin hukuma ba inji mai kilomita 27 ba ne. Ana bukatar malaman lissafi da fiziks da za a tura ƙauyuka a kuma riƙe su, da tsaron makarantu, da biyan tallafin karatu a kan kari, da lantarki da intanet a ɗakunan karatu, da tattara rubuce-rubucen hisabi da falaki da suka saura a gidajen malamai kafin gara ta gama da su. Abin da ake bukata a wurin ɗalibi kuwa shi ne ya zaɓi tambaya ƙarama, ya warware ta da hannunsa, ya rubuta ta a fili yadda na bayansa zai duba ya gyara. Alkashinawi ya ja kunnen almajiransa kada su yanke ƙauna in lissafi ya ƙi fita. Wannan nasiha tasa ta cancanci a riƙe ta, a bar ta ɓoyon.